Injiniya Ya Shayar da Bel Baƙin Mai

Ɗan goggona, wanda muke kira Injiniya don babu abin da bai ce ya iya ba, shekara goma sha biyar ya yi yana rarraba burodi a babur mai sarƙa. Kullum da safe sai ya tsuguna ya ɗura wa sarƙar baƙin mai, har ƙudan da ya sauka a kanta sai ya zame ya goce ƙugu. Bai taɓa makara ba, wannan kam na ba shi.

Sai mai gidan burodin ya sayo sabon babur, irin wanda bel na roba ke jan tayarsa. Wata guda, bel biyu suka tsinke. Da kansa yake canzawa, wai bakanike ɓata lokaci ne. Masu shaguna suka yi ta ƙorafin burodi ba ya zuwa sai azahar. Maigidan ya ce masa, "In ya sake tsinkewa, ajiye min makullina."

Ranar da na uku ya tsinke, ya turo babur ɗin har shagon mai kayan gyara, yana huci kamar tsohuwar tirela a hawa. Na bi shi don in sha kallo. Yana isa ya ce wa mai shagon:

"Malam, bel kake sayar min ko igiyar shanya?"

Mai shagon ya sa bakaniken gefensa ya kwance murfin da ke rufe bel ɗin. Mai ya tsiyayo, wanda zai ishi babura bakwai.

"Wa ya zuba wannan?" in ji bakanike.

"Ni. Kowace safiya. Inji ba ya tafiya a bushe."

Mai shagon ya miƙe. "Roba ce, bawan Allah. Mai ke kumbura ta, ta riƙa zamewa, ta ɗau zafi, ta tsinke. Shi ne ka tara min jama'a kana kiran kayana jabu?"

"Shekara goma sha biyar ina..."

"A sarƙa. Ɗauke min shi daga ƙofar shago."

Abin da ke ƙona min rai, sau biyu ina faɗa masa ya daina zuba wa bel mai. Ya ce ni da ko keke ban iya ba.

Da yamma maigidan ya karɓi makullinsa, ya ba wani. Yanzu Injiniya na zaune a gida, shi da bakinsa. Goggo kuma ni ta daina amsa wa gaisuwa, wai na ga ɗan'uwana zai halaka ban ɗaga murya yadda zai ji ba.