Gwiwar Yayana da Mikoron Filin Kokowa

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da barin lakwal, wato makarantar boko, ba, babu abin da nake so a duniya kamar in zama mai sharhin wasanni a talabijin. Ku da kuka san ni yau kuna ganina shiru-shiru, to da can ba haka nake ba. Baki gare ni kamar reza, kuma ban san inda ake ajiye shi ba.

A fadarmu ta Dogon Dutsi, inda muke shan shayi a gaban shagon abokina, akwai wata tsohuwar tele da sai an mare ta take kawo hoto. Kowa da gwaninsa. Abokina ya fi son wani mai sharhin dambe na wata tashar hayin iyaka, wanda in an kai naushi sai ya kurma ihu kamar shi aka nausa. Wasu kuma dattijon nan suke so, mai kawo kokowar takobi da Hausa, wato gasar ƙasa da ake ba zakaranta takobi, wanda ya san kakan kowane ɗan kokowa da garin da aka yanke masa cibi. In ya yi wa mutum kirari har tsigar jikinka sai ta tashi. Ni ma ina son sa, ba na musu. Amma gwanina na gaske wani ne mai sharhin ƙwallon ƙafa da Faransanci, da yake fitowa in an tafi hutun rabin lokaci, sanye da kwat. Shi ba ya ihu. Sai ya tsayar da hoto, ya zagaye ɗan wasa da jan layi, ya ce ku dubi wannan, tsoron taka ƙafar hagu yake, nan ƙofar take. A koma wasa, kuma ta nan ɗin a ci su. Wallahi a lokacin gani nake ya fi boka.

Na kwaikwaye shi har yadda yake gyaran murya na haddace. Ko bunsuru biyu na gani suna karo a bakin titi sai na tsaya na yi musu sharhi. Mutane su yi ta dariya, ni kuwa ina jin kaina ya kai rufin ɗaki.

Ina da yaya, ɗan kokowa ne, a ƙauyenmu kusa da Matankari. Bai taɓa shiga aji ba. Tun rasuwar mahaifinmu geron da yake nomawa ne ya riƙe gidan, shi ne kuma ya riƙe ni a lakwal. A damanar shekarar nan ya zame a bakin wani kwazazzabo da ɗaurin itace a ka, gwiwarsa ta hagu ta gurɗe. Ya ɓoye wa kowa. Da na je gida sai ya ja ni bayan rumbu, ya ba ni man shanu ya ce in murza masa. Na ga yadda wurin ya kumbura, na ce ya kamata a je likita.

Ya ce, "Rufa mini asiri. Ko Inna kak ka gaya ma. Ɗan kokowa in an san inda ciwonai yake, ya hwaɗi tun bai shiga hili ba."

Na ce masa bakina alekum.

Da kaka ta yi aka shirya kokowa a wani ƙauye wajen Dumega, garuruwa da dama suka haɗu. Muka tafi ni da abokina, har mahaifiyata ta bi ayarin mata. An zagaye fili da buhunan yashi, an ɗaure lasifika a reshen gawo, an haɗa ta da batirin mota. Sai aka ce mai sanarwar da aka saba da shi muryarsa ta dushe, ko sallama ba ya iya yi. Abokina ya tura ni gaba yana cewa, "Ga ɗan lakwal nan, ku ba shi, ya hi na tele iyawa!" Na yi ɗan noƙe-noƙen ƙarya, alhali zuciyata tuni ta riga hannuna kai wa mikoron, wato abin maganar.

Gaskiya na yi ƙoƙari da farko. Na ari salon dattijon takobi, na yi wa kowa kirari da garinsu. Mata suna guɗa, makaɗa suna amsa mini da ganga. Bayan la'asar aka kira yayana. Wanda aka haɗa shi da shi wani ƙato ne daga wajen Lugu, damatsansa cike da layu, wanda ake raɗe-raɗin wai doguwa ce, wato aljana, take shiga fili tare da shi. Ko kallon mutane ba ya yi.

Suka duƙa, suka fara zagaya juna. Na ga yayana yana jan ƙafar hagu baya, yana ɓoye ta da dabara, duk nauyinsa a kan dama. Babu wanda ya lura sai ni. Abin nan da gwanina yake gani a tele, ga shi yau ni ma na gani da idona, ga kuma mikoro a hannuna. Maganar ta yi ta yi mini ƙaiƙayi a baki. Na ce a raina, in na faɗa da Faransanci wa zai ji a wannan daji? Na gyara murya irin ta gwanin nawa, na ce da Faransanci ku dubi wannan, ba ya taka ƙafar hagu, gwiwar tana da ciwo tun damana, nan ƙofar take.

Na ji muryata ta fita ta saman gawon ta bazu a fili. Kafin in rufe baki sai na hangi wani mutum a ɓangaren su ƙaton, da farar riga da biro a aljihu, kana ganinsa ka ga mushen lakwal, wato malamin makaranta. Ya miƙe tsaye, ya ƙwala wa ƙaton kira, ya bugi tasa gwiwar ta hagu sau biyu.

Jama'a, ban taɓa jin sanyi irin na lokacin nan ba, ga rana tana dukana. Na so in yi ihu in ce yaya ka fita, amma na makara. Ƙaton ya kai hannu sama kamar zai kama wuya, sai ya nutse ƙasa ya rungumi ƙafar, ya murɗa, ya bi ta da duk nauyinsa. Na ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Ganga ta tsaya. Yayana bai tashi ba, kuma bai yi ihu ba, sai yashi da yake damƙa da hannu biyu. Daga gwiwa zuwa ƙasa ƙafar tana kallon inda ƙafa ba ta kallo.

A amalanken shanu aka kai shi bakin hanya, daga nan mota ta ɗauke mu zuwa likita. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya sa aka danne shi, ya mayar da ƙashin, ya ɗaure. Sannan ya taɓa tafin ƙafar. Ya kira ni gefe da yake ni ne ɗan lakwal, ya ce ƙafar ta yi sanyi, jini ba ya isa ƙasa yadda ya kamata. Ya ce, "Ku sa ido ga yatsun nan. In sunka fara baƙi, sai a wuce da shi babban asibitin Yamai, kuma ba ni yi muku alkawarin za ku komo da ƙafar."

Manomi ne fa. Da ƙafar nan yake bin kunya daga safe har azahar, da ita gidanmu yake cin tuwo. Na jingina da bango.

Kwana uku na yi a gindin gadon nan ban da aiki sai kallon yatsu biyar. In inuwa ta faɗa musu sai in ga sun yi baƙi, in ruga in buɗe taga. In na kawo abinci baki sai in ji kamar yashi. Kowace safiya majo yakan zo da allura ya tsikari babban yatsan ya ce, "Ka ji?" Yayana ya girgiza kai. Kowace girgizawa sai in ji kamar ni ake yanka.

A waje kuma gardama ta kaure. Matan ƙauyenmu suka ce ai aikin doguwar ƙaton ne, a nemi baƙar akuya a kai wa masu abin a ba su haƙuri. Abokina, da yake yana cikin matasan nan masu wa'azi, ya ce wannan shirka ce, a dage da addu'a kawai. Suna ta yi a kaina, ni kuwa na san babu wata doguwa a maganar nan sai ni. A rana ta biyu mahaifiyata ta zauna kusa da ni, ta dube ni da jajayen idanu.

Ta ce, "Wai ni kam, mi kac ce cikin nasarancin nan kahin a kada shi?"

Na ce, "Yabonai nike, Inna."

Ta dafa kaina ta ce Allah shi yi mini albarka. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Daga nan duk wanda ya shigo dubiya da biro a aljihu sai in sulale in fita.

Safiya ta huɗu majo ya tsikara, yayana ya zabura ya ɗura masa ashar. Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Majo ya yi dariya ya ce jini ya dawo. Mahaifiyata ta faɗi ta yi sujada a kan siminti, ni kuma na fita bayan ɗakin na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Ƙafa ta tsira, amma gwiwar ba ta ƙara lanƙwasuwa daidai ba. Ranar da aka sallame mu, bayan makonni, ni ya dafa muka nufi ƙofa a hankali. Na yi ta juya yadda zan fara gaya masa. Muna tsakiyar farfajiya ya tsaya ya huta, ya matso da bakinsa kusa da kunnena yadda Inna ba za ta ji ba.

Ya ce, "Ban jin nasaranci, ƙanena, amma ina da ido. Kana ruhe baki mushen nan yab bugi gwiwatai."

Na ce, "Yaya, ka yahe mini."

Ya ce, "Na yahe tun ina kwance cikin yashi. Ƙahwa ta Allah ce. Abin da ya hi mini ciwo, duk duniya kai ɗai nig gwada ma wurin nan." Sai ya gyara riƙon kafaɗata ya ce mu tafi, mota tana jira.

Bai sake tayar da maganar ba har yau, bai kuma gaya wa kowa ba. Mahaifiyarmu ta koma ga Allah tana zaton doguwa ce. Ni dai abin da na gane shi ne, gwanin nan nawa na tele yana faɗin raunin mutanen da bai taɓa murza wa man shanu ba, abin da ya gani a hoto yake faɗa. Ni kuwa abin da na faɗa ba idona ne ya gano shi ba, amana ce aka ba ni, na sayar da ita don a ce na iya.

Har yanzu ina kallon wasanni, ina kuma jin daɗin mai sharhi in ya iya aikinsa. Yayana bai ƙara shiga fili ba, amma yana noma abinsa, kowace damana kuma nakan je in kama masa. In na kwana a ƙauye, da hantsi ina cikin ɗaki nakan ji tafiyarsa yana wucewa gona, taku ɗaya, sannan jan takalmi a ƙasa. Ko cikin mutum ɗari na san wannan tafiyar, domin ni na yi masa ita.