Tsintsiyar Inna Delu a Tashar da Aka Rufe

Ni ban yi boko ba, ba na kuma jin kunyar faɗa. Jikata ke rubutawa, ni ke zubo mata. Shekarun da kuɗin mai suka ɓarke a ƙasarmu, gwamnati ta tura Kawu Sule karatu Landan. Da idon kakata Inna Delu ya yi yana, ya aiko a kawo ta a yi mata aiki. Ta ce ba inda za ta sai da takwararta, aka haɗo ta da ni ina 'yar shekara tara.

Gidan Kawu a wajejen Catford yake, bayansa kuwa wata 'yar tashar jirgin ƙasa ce da aka rufe. An kwashe ƙarafan dogo, ciyawa ta cinye hanya, sai dakalin fasinja da ɗakin tikiti. Wani tsohon Bature maƙwabcinmu, wanda ya yi aikin huda tikiti a can, shi ya ba Kawu tarihinta: reshen dogo ne aka jawo don ma'aikata, bam ya ɗauke rufinta lokacin yaƙi aka gyara, daga baya bas ta kwashe fasinja, aka buga kwaɗo.

Inna kuwa rabin rayuwarta a bakin tasha ta yi shi a gida, tana sayar da dafaffen ƙwai. Ta leƙa taga, ido ɗaya a naɗe da bandeji, ta ce, "Waɗannan wane irin mutane ne? Tasha guda ba mai shara?" Washegari ta ciro tsintsiyar kwakwar da ta taho da ita, ta bi ta ɓarakar shinge.

Tana cikin mako na biyu da shara da yayyafa ruwa, takarda ta zo daga council, wato hukumar unguwa. Kawu ya shigo da ita a hannu. "Inna, wani ya yi complain. Mataccen wuri ne fa! So kike a kore mu daga flat?" Ya ɗauke tsintsiyar ya cilla saman kabad.

Da aka idar da magariba muka kewaye hitar kananzir, ita ce murhunmu a can, Kawu yana gefe da littafinsa. Ta gyara zama. "Takwara, ga ta nan, ta biyo dogo ta zo miki."

Wai wata tsohuwa ce ana ce mata Tasha, mai saukar baƙi. Hanya ta sauya, baƙi suka ɗauke ƙafa, fadawa suka ce wa sarki ta mutu, har aka yi shela. Dogari ya zo rushe gida, sai ya tarar da tsakar gida fes, ga zanen tsintsiya, ga danshin ruwa.

Ya ce, "An ce kin mutu."

Nan Inna ta ɗaga murya, idonta mai lafiya yana kan Kawu. "To koma ka tambayo sarki, a garinsa gawa na shara?"

Kullum dogari ya dawo, kullum a share, har sarkin ya rasu, dogarin ya tsufa. Ran nan ƙafa ta gaza masa, ya zauna a dakalinta, ta miƙo masa ruwa ta ce, "Ai ka ga na yi baƙo."

"Ƙurunƙus," in ji Inna, "jirgi ya tashi, mai tikiti ya hau."

Tun da aka fara tatsuniyar Kawu bai buɗe shafi ko ɗaya ba. Da safe muka ga tsintsiya jingine a bakin ƙofa. Kawu ya ja tsohon Baturen suka tafi council tare. Abin da suka faɗa ban sani ba. Na dai san har muka bar Landan Inna na shara, tsohon kuma ya dawo zama a dakalin da butar shayinsa.

An ce yanzu gidaje aka gina a wurin. A da ina ganin Inna ta yi asarar ƙarfinta. Sai da jirgi ya daina tsayawa a tashar garinmu, mijina ya rasu, maƙwabta suka watse, na gane da wa take. Kwanan baya ɗana da ke Plumstead, can Landan, ya bugo waya. "Mama, unguwarku ta mutu, na yi miki booking ɗin jirgi, ki taho."

Na ce, "A yi cancel. In ka samu mai zuwa, aiko min da... a'a, kai dai ka zo. Tsintsiya ina da ita."