Kawu Sambo Mai Zuma da Kukar da Na Kayar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Satumba, 1983, ana saura 'yan kwanaki Babbar Salla, Allah Ya karɓi ran kawuna Malam Sambo Mai Zuma a Dosara, bayan azahar, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Yayan mahaifiyata ne, kuma shi ya rene ni tun ina ɗan shekara shida.

Kawu, na zubar da hawaye, amma ba zan ɓoye ba, akwai ajiyar zuciya a cikinsu. Da ranar nan ta zo wata guda kafin haka, da ban san inda zan sa kaina ba. Shekara huɗu ka yi ba ka amsa gaisuwata, bayan ka faɗa a gaban jama'a cewa in ka mutu kada in taɓa makararka.

Daga Maradun har Bakura babu wani babban itace da ba ka san halinsa ba. Kai ka kai ni a ƙafa muka ga tsamiyar nan da gamji ya fito a tsakiyarta, suka rungume juna har ba a gane inda ɗaya ya ƙare. Kai ka nuna mini giginya mai kai biyu, ka tsaya kana masha Allah har rana ta gasa mu. Abokan wasanka suna cewa da itace yana aure da ka yi huɗu, kai kuwa dariya kawai kake yi. In aka ce akwai iskoki a wani itace sai ka ce kai dai zuma ka tarar. Duk macen da ta haihu a unguwa sai ta ga ƙwaryar zuma daga gidanka. In maƙwabta suka yi rikicin iyakar gona kai ake kira, domin ka san wanda ya dasa kowace ɗorawa.

Amma kukar Dakko, ƙauyen da kake zaune a lokacin, ita ce zuciyarka. Sai maza goma sha biyu sun riƙe hannu suke zagaye ta. A kogon cikinta na taɓa fakewa daga ruwa tare da wasu Fulani biyu da awakinsu bakwai. Turakun hawa da ke jikinta kakanka ya kafa su, kuma amya tara ka rataya a rassanta. Shekarar fari, da hatsi ya yi wuya, ka bar kowa ya ɗebi ganyenta da 'ya'yanta, ba ka taɓa tambayar mutum daga wane gari ya fito ba.

Sai aikin dam na Bakolori ya zo, aka shiga baje gonaki domin noman rani, ni kuma na samu tuƙin katafila. A ranin 1979 layin hanyar ruwa ya biyo ta gindin kukar, heluma, shugabanmu a wurin aiki, ya ce ni zan kayar da ita. Na roƙe shi ya sa wani, ya ce duk a cikinmu ni na fi iya hannu. Abin da na samo maka kawai shi ne yini guda ka sauke amyarka. Ina iya ajiye makulli in tafi gida, ban yi ba. Na ji tsoron rasa aikin, kuma gaskiyar ke nan.

Yini biyu muka yi muna haƙa muna tsinka saiwoyi ta ɓangare uku, sannan muka ɗaura sarƙa da katafila biyu. Da ta faɗi sai da ƙasa ta girgiza. Kana tsaye a gefe da sandarka, ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Barau, in nam mutu kak ka taɓa makarata." Ba a yi mako ba ka kwashe iyalinka ka koma Dosara.

Ga abin da ba ka gani ba, domin ka riga ka juya. Mun yi ƙoƙarin jan ta, sarƙa ta tsinke sau biyu. Da yake ta faɗi wajen layi, heluma ya ce a bar ta, gara ta cinye ta. Ni kuwa na dubi gindinta a buɗe, saiwoyi tsirara suna kallon sama, na ji kamar na bar gawar dattijuwa a fili. Kafin a tashi aiki na turo ƙasa na lulluɓe gindin har ya yi tudu. Ban yi don ta rayu ba, kunya ce ta sa ni.

Shekarun da suka biyo baya sun yi mini nauyi. Na zo gaishe ka da salla, ka juya fuska bango. Na aiko da buhun shinkafa, ka mayar. Aka yi mini haihuwa na sa wa yaron sunanka, ba ka zo suna ba. Duk sanda na ji an ce an yi rasuwa wajen Maradun sai gabana ya faɗi.

Da damina ta farko kukar ta yi ganye a kwance. Na aika 'yarka Taiba ta gaya maka da murna, sai ka ce ruwan cikinta ne take sha, ganyen bankwana ne. Ta sake yi shekara ta biyu da ta uku, rassanta suka murɗe suka fuskanci sama, ka ce kada a ƙara kawo maka zancen sai ta yi ɗiya. Taurin kanka, Kawu, ko itacen kirya albarka. Bana ta yi fure fari fat, sannan 'ya'ya suka sauko. Taiba ta yanko reshe mai 'ya'ya uku ta ajiye maka a kan tabarma, lokacin ciwo ya riga ya kwantar da kai. Ka daɗe kana jujjuya shi, sannan ka ce a nemo mota.

Ina can tsaye nesa, bayan wata sabara, lokacin da ɗanka Hamidu ya sauko da kai. Ka bi jikin kukar da tafin hannu tun daga rassa har gindi, ka tsaya a kan tudun nan ka tona da sanda har ka ga sababbin saiwoyi. Ka tambaya, "Wa yas suturta ta?" Taiba ta nuna ni.

Ka kira ni da sunan da ka daina kira, na zo na durƙusa. Ka ce, "Kai kak kashe, kai kay yi sutura, Allah ko Yar rayar. To ni mi an nawa ciki? Tashi, ɗana, na yahe ma duniya da lahira." Sai ka ƙara da cewa ban iya rufe gindi ba, ɓangaren gabas yana son ƙarin ƙasa, kuma washegari da sassafe na kai.

Kwana goma sha ɗaya ka yi bayan haka, kuma kullum ina gefenka. Ranar da aka kai ka makwanci, saboda sabo na tsaya a bayan sahu. Hamidu ya ratso mutane ya kamo hannuna, ya ce, "Baba yac ce kai za ka shiga ka karɓe shi." Na shiga, aka miƙo mini kai, na kwantar da kai a kan damanka da hannuna.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Inna Baraka, da Hamidu da Taiba da sauran 'yan'uwa, da mutanen Dosara da na Dakko baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya haskaka kabarinka, Ya sa duk wanda ya sha inuwa ko ya ci miya ta dalilinka ya zame maka lada mai gudana. Ka yafe mini ina da laifi ƙuru-ƙuru. Allah Ya yafe maka fiye da haka, amin.

Barau Direba, Talata Mafara.