Rabon Gadon da Kwamfutar Auta Ta Yi

Ni ban yi boko ba, 'yata Hajara ce take rubuta abin da nake faɗa, kuma na ce kada ta sassauta ko kalma ɗaya. Wallahi wannan abu a kaina ya faru, a gidanmu na Hayin Banki, shekarar da Allah ya yi wa maigidana rasuwa. Ya bar ni da 'ya'ya biyu, Hajara da ƙanenta Nasiru, wanda nake kira Auta. Gidan nan shi ne duk abin da ya bari, kuma ba a yi saurin raba shi ba, aka ce sai Auta ya gama jami'a.

A lokacin Auta yana wani darasi da ake koya wa kwamfuta kafa hujja da kanta. Yadda ya bayyana mini, za ka ba ta ƙa'idoji, ka kawo mata magana, ita kuma ta bi daki-daki ta nuna maka ko maganar ta tabbata ko ba ta tabbata ba. Da aka ce kowa ya kawo aikinsa, sai ya zaɓi rabon gado. Ya yi ta zarya wurin limamin unguwa yana ɗaukar ƙa'idojin yana zuba mata. Ya gwada da gadon gidaje da yawa da aka riga aka raba, duk ta fitar daidai da na malamai.

Sai ya sa namu. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji yana dariya. Ya ce, "Umma, wai Baffa Sale yana da kaso a gidan nan." Baffa Sale ƙanen mahaifinsu ne. Na ce, "Kai Auta, ko ni da ban yi karatu ba na san ɗan'uwa ba ya gado in akwai ɗa namiji. Na'urarka ta sha wani abu." Ya goge ya sake, haka ta ce. Ya kai wa malaminsu, suka bi hujjar mataki-mataki, malamin ya ce bai ga inda ta kauce ba, amma dole akwai kuskure, ya je ya nemo.

Yaro bai san duniya ba, ya ba da labarin a wurin wani suna don a yi dariya. Baffa Sale bai yi dariya ba. Ya zo har ƙofar ɗakina ya tsaya, ya ce, "Yaya, an ce na'ura ba ta son kai. In ta ce ina da gado, to ta ga babu ɗa namiji ke nan. Ke kika san sauran." Ni za a faɗa wa haka? Ni da na tsufa a ɗakin wansa, na yi jinyarsa har ya cika a hannuna, shi ko ruwa bai taɓa miƙa masa ba? Magana ta zagaya dangi, matan da muke cin tuwo kwano ɗaya suka koma ƙare wa Auta kallo suna neman kamannin ubansa a fuskarsa. Allah ya isa tsakanina da su.

Auta ya daina cin abinci sosai, kullum yana gaban kwamfutar yana neman kuskuren da zai wanke ni. Bai same shi ba. Zazzaɓi ya kama shi, muka kai shi asibiti, bai dawo ba.

Bayan sadakar arba'in liman ya zauna rabo. Ya ce Auta ya gaji ubansa, sannan a raba abin da Auta ya bari, ni da Hajara mu ɗauki namu, saura na baffansa ne. Hajara ta buɗe aikin ƙanenta ta duba. Kason da aka ba Baffa Sale shi ne wanda kwamfutar ta rubuta tun Auta yana zaune yana dariya, babu ragi babu ƙari.

Baffa Sale ya ce a sayar a ba shi nasa, aka sayar. Yanzu haya muke a Rigasa. Dangi suna zuwa suna cewa ashe ƙazafi aka yi mini. Sai da na binne ɗana suka yarda ɗan ubansa ne.

Ban san wa ya gaya wa na'urar nan Auta zai rasu ba, kuma ban yafe ba. Ku dai in an yi muku mutuwa ku raba gado da wuri, kuma kada ku bar yaranku su sa sunan mai rai a cikin irin wannan lissafi.