Gaisuwar La'asar da Ta Kusa Yi Mini Aure

Lokacin da abin nan ya faru ina ɗan shekara goma sha bakwai, na gama sakandare, kuma ina ɗaukar kaina mutum mai muhimmanci, domin ni ne mai buga takardu a wani shagon kwamfuta da ke Tudun Wada. Na karanta littattafai fiye da yadda ya kamaci mai aljihu irin nawa. Nakan gyara wa manya rubutunsu ba tare da sun nema ba, har ina jin cewa ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni rabin Gombe za ta tsaya cik. Sai man fetur ya yi tsada, janareta ya koma cinye abin da shagon ke samu, maigidana ya sayar da kwamfuta ɗaya. Aka rage da kwamfuta ɗaya da ma'aikata biyu, ni da ɗan ƙanwarsa. Ba sai mutum ya yi karatu mai zurfi ba kafin ya san wanda zai tafi. Ya sallame ni da kyakkyawar magana da addu'a. Gombe kuwa ba ta tsaya ba, ko keke ɗaya bai rage gudu ba.

Babana tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ba ya son ganin saurayi zaune a bakin titi. Ya aiko mini da saƙo ta bakin kakata, wadda muke kira Dada, cewa idan ruwan farko ya sauka ban sami abin yi ba, zan tafi ƙauye in taya kawuna noma. Ba noman nake tsoro ba, ko da yake ba zan ce ina marmarinsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne darasin share fagen jarrabawar shiga jami'a da nake zuwa ranakun Asabar da Lahadi. In na tafi ƙauye, darasin ya tafi, jami'ar ma ta bi shi.

Ana cikin haka na ji labari cewa wani Alhaji, mutumin Borno da ya dawo Gombe da iyalinsa a shekarun tashin hankali, yana neman yaron shago. Turare da huluna yake sayarwa a Bolari, kuma yana son wanda zai iya ɗaukar hoton kaya a waya ya riƙa amsa wa masu saye na nesa. Kamar don ni aka ƙirƙiri aikin. Sun san juna da Baba, masallacin Juma'arsu ɗaya. Amma ni ɗan fari ne a gidan Fulani. Baba ko sunana ba ya kira, balle ya taka ƙafa ya je ya roƙa mini alfarma. Don haka na kai maganar gaban Dada.

Dada ta saurare ni, ta ce ɗan mutunci ba ya buɗe baki ya ce wa babba a ba shi. Ta ce gaisuwa ake zuwa, a durƙusa, a sunkuyar da kai, babba shi ya san abin da ke kawo yaro. Ta hana ni zuwa shago, wai kasuwa ba wurin neman girma ba ce, gida ake samun mutum. Ta zaɓa mini bayan la'asar, lokacin da Alhaji kan dawo ya huta. Ta sa na goge farin yadina na Sallah, ta ciro mini hular Baba daga akwati, ta shafa mini turarenta, ta kuma ƙulla mini dabino a leda don kada in je hannu sake. Ni da na karanta littattafai masu yawa, ban tsaya na tambayi kaina ba: saurayin da ya sha ado, ya sha turare, ya nufi gidan mai 'ya budurwa bayan la'asar da dabino a hannu, me jama'a za su ce ya kawo shi?

Ranar farko Alhaji ya karɓe ni a zaure da fara'a. Na faɗi ɗan wane ne ni, ya tambayi lafiyar Baba, ya tambayi abin da ke tafe da ni. Na kalli tabarma na ce gaisuwa ce kawai. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce madalla. Na koma gida Dada ta ce an fara da kyau. Na sake komawa, na kuma sake. Ruwan sanyin da ake kawo mini ya zama zoɓo, zoɓo ya zama kunun gyaɗa da ƙosai, ni kuwa ina lissafa wannan a matsayin ƙarin girma a wurin aikin da ba a ba ni ba tukuna. Yaran gidan sukan leƙo su kwashe da dariya su ruga. Wata rana babbar 'yar Alhaji, wadda ke karatun jinya kuma ta girme ni nesa ba kusa ba, ta wuce ta zauren, ta watsa mini wani kallo da har yau in na tuna sai na gyara zama. Na ɗauka ba ta son ganin baƙi ne.

Makonni suka shuɗe. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, iska tana kawo ƙamshin ƙasa, Baba ya sa aka sayo mini takalmin roba na gona aka ajiye a ƙofar ɗakina ba tare da ko kalma ɗaya ba. Kullum na fita zuwa Bolari nakan rantse yau zan faɗa, kullum na durƙusa sai in ce gaisuwa ce.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga Alhaji a gidanmu. Aka kira ni zaure. Na tarar da Baba zaune da fuskar da ban taɓa gani ba, Alhaji kuma yana magana a hankali kamar mai jajanta rashi. Ya ce shi dai ya yi bincike a kaina, ya aika unguwarmu, ya tambayi malaman makarantarmu, har tsohon maigidana ya samu, kuma kowa ya shaide ni da gaskiya da riƙon amana. Ya ce ba shi da abin ƙi game da gidanmu. Sai dai 'yar tasa an riga an yi mata miji, kuma ko ba haka ba, yaron bai ko fara aske gemu ba, ya kamata a lallashe shi ya haƙura. Ya ƙara da cewa saurayin nata ma ya ga farin yadi a zaure ya yi fushi, ya ɗauke ƙafa, yarinya tana can tana kuka.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Baba ya juyo, ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, ko ni ne mai neman aure. Nan dai kunya ta ƙare, domin babu sauran inda za ta ɓuya. Na ce wallahi ba aure nake nema ba, aiki nake nema, na ji an ce Alhaji na son yaron shago.

Sai Alhaji ya fashe da dariya, irin wadda take sa babban mutum ya riƙe ciki, har hularsa ta zame. Ya ce ai shi ya san za a yi haka, tunda da Bafulatani ya haɗu, mutanen da za su kwana da yunwa a gefen tukunya suna jiran tuwo ya gaishe su. Baba, wanda ban taɓa jin ya yi wasa a gabana ba, ya ce ai laifin Babarbare ne, da in ya ga dabino sai ya fara lissafin sadaki. Suka yi ta zolayar juna kamar yadda Fulani da Barebari suka saba, ni ina durƙushe ina zufa. Da ya share hawayen dariya, Alhaji ya ce duk tsawon makonnin nan yana ta cigiyar yaro amintacce, ashe yaron na zaune a zaurensa yana shanye masa kunu. Ya ce ba ya buƙatar wanda zai tsaya mini, domin binciken da ya yi na suruki ne, ya fi na yaron shago tsanani. Ya ce in zo ranar Litinin da safe, in bar farin yadin a gida. Asabar da Lahadi kuma in je darasina.

Ruwan farko ya same ni a Bolari ina jera huluna. Da kaina na je na ba saurayin nan haƙuri, ya dawo, aka yi biki, ni na raba turaren wuta ga 'yan ɗaurin aure. Har yau in 'yar Alhajin ta zo shago da 'ya'yanta takan ce su gaida tsohon saurayinta. Dada kuwa har ta koma ga Allah ba ta yarda ta yi kuskure ba. Takan ce ai ga shi an ba ni aikin.

Abin da ke damuna in na tuna shi ne hawayen baiwar Allah da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, da kuma yadda saura kaɗan in rasa karatuna saboda magana guda da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma ƙannena masu neman abin yi, ku yi gaisuwar, ku durƙusa, sannan ku buɗe baki ku faɗi abin da ya kawo ku. In kuka yi shiru, mutane za su cike muku gurbin da abin da suka ga dama, kuma ba kowa ne zai dace da Alhajin da zai yi dariya ba.