Kunun da Inna ta dama

Har in koma ga Allah ba zan manta da hutun da muka yi a garinmu Malanville ni da ɗiyar kawuna ba, muna aji biyu a jami'a.

Ita mai jiki ce tun tana ƙarama, hawa bene ma sai ta tsaya tana haki. A shekarar ne wasu likitoci mata suka fara tara ɗalibai mata ranar Asabar suna koya mana cin abincin da ke kare lafiya. Da suka auna ta, suka ce ciwon sukari na bakin ƙofa. Ta riƙe maganarsu gam. Ta bar lemun kwalba da soye-soye, ta koma ga zogala da gasasshen kifi. Kafin hutu ta faɗa, hakin ya tafi, har tsere take yi mini a matakala.

Muna sauka daga kabu-kabu, mahaifiyarta, wadda duk muke kira Inna, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wa ya tsotse mini ɗiya? Mi ya same ki?"

"Lahiya ce, Inna, likita ta..."

"Wace lahiya? Ƙashin wuya a waje!"

A wurinmu ramar budurwa abin kunya ne ga gidansu. Maƙwabta suka fara ƙus-ƙus, wai ta kwaso mugun ciwo a birni. Inna ta shiga kasuwa ta sayo ƙwayoyin ƙiba, tana daka su tana zuba mata cikin kunu mai sukari, safe da yamma.

Na ja ɗiyar kawuna gefe na ce, "Ke, kin san abin da ke ciki?"

"Na sani. In na ture ƙwaryar, cewa za a yi na yi boko na raina hannun uwata."

Haka ta dinga shanyewa, Inna na murna kumatu sun dawo. Ana saura kwanaki mu koma makaranta ɗiyar kawuna ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Sukarin ya kama ta sosai, har ya taɓa idanunta. Ni kaɗai na koma makaranta, kuma wallahi har yau abin na ci mini rai.

Inna ba muguwa ba ce, ƙauna ce ta sa ta, ta kuma yi kuka har ta gode Allah. Likitocin ma gaskiya suka faɗa, sai dai mu kaɗai suka faɗa wa. Abin da na koya ke nan: in za ka gyara cin yarinya, fara zama da mai dama mata kunu.