Ragowar Magani a Bakin Zanen Gwaggo

Jiya a kasuwar Kalgo mai tallar magani ya ɓare kafso a gabana. Warin nan mai ɗaci ya bugi hancina, sai gwaggona ta faɗo mini a rai.

Ba ta taɓa shanye maganin da aka rubuta mata ba. Da ta ji sauƙi sai ta ƙulle ragowar a bakin zane. "Maƙwabta ma suna ciwo," in ji ta. Rabin unguwarmu a Gwandu sun sha daga ƙullin nan.

Da aka yi mata aiki a ciki, ɗinkin ya ƙi kamewa, sai ruwa yake yi. Likita ya ce a asibitin ta kwashi ƙwayar cuta, kuma an binciki halittar ƙwayar an ga gadon taurin kai ta yi. Ƙwayoyin da rabin magani bai kashe ba, su ke haifar irinta. Lokacin ban daɗe da shiga ajin manya a makarantar koyon jinya ba. Da kaina na karanta sunan kowace allura, kowacce kuma ta gaza. Na miƙe na wanke likitan tas a gaban jama'a.

Hannunta mai zafi ya kamo yatsana. "Ke, mi yaron ga ya yi miki? Dubi idonai, bai yi kwana ba. Ba shi furata."

Ya karɓa ya sha a tsaye, kansa a ƙasa. Ba ta kai Juma'a ba.

Ya Allah, Ka sanyaya jikin nan da zazzaɓi ya gasa, Ka shayar da ita ruwan da babu ƙishi a bayansa.